Dokokin Intanet da Binciken Ƙwaƙwaf na Na'urori: Ina Masana Suka Dosa?

Mene ne bambancin fannonin biyu, kuma me ya sa kullum ake ambaton su tare?

Dokar intanet ita ce ke faɗin abin da ya zama laifi a kan na'ura, da wanda yake da ikon bincike, da iyakar da zai tsaya. Binciken ƙwaƙwaf kuwa aikin hannu ne: a karɓi waya ko kwamfuta, a kwafe abin da ke ciki ba tare da an ɓata shi ba, a tantance, sannan a tsaya gaban alƙali a yi bayani. Lauya ba zai iya tabbatar da damfara ba sai mai bincike ya ciro masa saƙonnin, shi kuma mai binciken wahalar banza ya sha idan kotu ta ce ba a bi ƙa'ida wajen karɓar wayar ba.

Tushen aikin tsoho ne. Edmond Locard, wanda ya buɗe ɗakin binciken 'yan sanda a Lyon ta Faransa a 1910, shi ake danganta wa ƙa'idar cewa duk inda abu biyu suka haɗu sai ɗaya ya bar sawu a jikin ɗaya. Waya ma haka take, sai dai sawunta yana da sauƙin gogewa, kuma ana iya ƙirƙirar sa.

To ina binciken masana ya karkata a 'yan shekarun nan?

A da tambayar ita ce yadda za a fito da bayanai. A 2010 wani masani ɗan Amurka, Simson Garfinkel, ya yi gargaɗin cewa lokacin sauƙi ya kusa wucewa. A lissafinsa, daga 1999 zuwa 2007 mai bincike yana cikin daula: kusan kowa Windows yake amfani da ita, kwamfuta ɗaya ce a gida, faifan ajiyarta ƙarami, kuma babu makulli a kansa. Hasashensa ya tabbata. Yau mutum ɗaya yana da waya biyu ko uku, saƙonninsa a kulle, hotunansa a rumbun kamfanin da ke wata nahiya, ga agogon hannu da mota duk suna ajiye labarinsa.

A ganina, babban sauyin ba a nan yake ba. Tambayar da ta fi cin ran masana yanzu ita ce: abin da aka ciro ɗin, wa ya tabbatar gaskiya ne, kuma hannun wa ya rubuta shi? Yawancin batutuwan da ke ƙasa rassan wannan tambayar ne.

Idan na goge abu a wayata, ya tafi ke nan?

Ya danganta da na'urar. A tsohon faifan kwamfuta mai juyawa, gogewa kamar cire suna ne daga rajista alhali mai sunan yana zaune a ɗaki. Bayanin yana nan har sai an rubuta wani a kansa. Sababbin ma'ajiyai da wayoyin zamani kuwa suna share gurbin da kansu ba da jimawa ba, kuma kowane fayil da makullinsa, in makullin ya tafi abin da ya rage tarkace ne. Shi ya sa masu bincike suka rage dogaro da tono abin da aka goge, suka koma bin gefe: ƙananan hotunan da waya ke ajiyewa don saurin buɗewa, rumbun bayanan manhajoji, kwafin da ya tafi Google Drive ko iCloud, da wayar wanda aka tura wa saƙon. Kai ka goge, shi bai goge ba.

Ta yaya kotu za ta san ba a taɓa hujjar ba bayan an karɓe ta?

Da wani lissafi da ake kira hash, wanda za a iya cewa zanen yatsan fayil ne. Ana lissafa shi lokacin da aka kwafe na'urar, a sake lissafawa ranar da za a gabatar. Harafi ɗaya ya sauya, lambar gaba ɗaya ta sauya. Tsofaffin hanyoyin sun raunana: a 2004 Wang Xiaoyun da abokan aikinta a China suka nuna ana iya samun fayil biyu daban masu lamba iri ɗaya a hanyar da ake kira MD5, a 2017 kuma Google da wata cibiyar bincike a Amsterdam suka yi wa wata hanyar, SHA-1, haka. SHA-256 ake so yanzu. Ga kuma takardar da ke nuna hannun da na'urar ta bi, daga wanda ya kama ta zuwa wanda ya ajiye ta.

Amma duk wannan yana kare hujja ne daga ranar da aka karɓe ta. Abin da ya faru kafin nan fa? A Indiya, a shari'ar da ake kira Bhima Koregaon, an tsare masu fafutuka bisa wasu wasiƙu da aka samu a kwamfutocinsu. A 2021 kamfanin bincike na Arsenal Consulting da ke Amurka ya duba kwafin kwamfutar ɗaya daga cikinsu, Rona Wilson, ya ba da rahoton cewa wani mai kutse ne ya dasa wasiƙun ta wata muguwar manhaja mai suna NetWire, tun kafin 'yan sanda su zo. Hukumomin Indiya ba su amince da rahoton ba. Ko ma yaya ne, lambar hash ba za ta taɓa nuna irin wannan ba, domin aikinta kawai ta shaida cewa abin da aka kwafa shi aka kawo.

Ai kwamfuta ba ta ƙarya. Me ya sa ake ta maganar amincinta?

Wannan zaton ya jefa ɗaruruwan mutane cikin bala'i a Birtaniya. Daga 1999 zuwa 2015 an yanke wa masu kula da ƙananan ofisoshin gidan waya fiye da 900 hukunci kan sata ko maguɗin lissafi, saboda manhajar Horizon ta kamfanin Fujitsu tana nuna giɓin kuɗi a asusunsu. Wasu sun yi zaman kurkuku, wasu sun sayar da gidajensu don biyan kuɗin da ba su ci ba, wasu sun kashe kansu. Sai a Disambar 2019 Babbar Kotu ta tabbatar manhajar tana da kurakuran da ke iya haifar da giɓin, a 2024 kuma majalisa ta yi doka ta musamman ta soke hukunce-hukuncen.

Inda gizo ke saƙar a fannin shari'a shi ne, a 1999 Ingila ta soke sashen dokar da ke tilasta wa mai gabatar da ƙara ya nuna kwamfutar tana aiki daidai. Aka koma ɗaukar cewa lafiyarta lau sai in wanda ake tuhuma ya nuna akasin haka. To ta ina mai ƙaramin shago a ƙauye zai nuna kuskuren manhajar da bai taɓa ganin cikinta ba? Masana shari'a da na kwamfuta sun shafe shekaru suna rubutu a kan wannan, har gwamnatin Birtaniya ta nemi jin ra'ayin masana a farkon 2025 kan sake duba ƙa'idar.

Denmark ma ta ɗanɗana. A 2019 aka gano manhajar da 'yan sanda ke juya bayanan kamfanonin waya da ita tana zubar da wasu, wani lokaci kuma a haɗa waya da ƙarfen sabis ɗin da ba shi ba. Aka sake duba shari'u fiye da 10,000, aka saki mutum 32 da ke tsare.

Sai kuma shi ɗan Adam ɗin da ke zaune gaban na'urar. Nina Sunde ta Norway da Itiel Dror sun yi wani gwaji da aka wallafa a 2021: suka ba masu bincike kwafin kwamfuta ɗaya, amma labarin da aka ba kowane rukuni game da wanda ake zargi ya bambanta. Waɗanda aka nuna wa alamar mutumin mai laifi ne sun fi ganin abubuwan da ke ɗaure shi. Daga nan ake ta kiran a riƙa auna yawan kuskuren kayan aiki da na masu aiki, kamar yadda ake yi a gwajin jini.

Hoton allo na hirar WhatsApp hujja ne a kotun Najeriya?

Yana iya zama, in an cika sharuɗɗan sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011. Sashen yana so a nuna cewa ana amfani da na'urar yau da kullum, tana aiki daidai a lokacin, kuma bayanin daga abin da aka saba shigar mata ya fito. A kawo takardar shaida mai sa hannu ko a yi bayani da baki. A shari'ar Kubor da Dickson, kan zaɓen gwamnan Bayelsa na 2012, Kotun Ƙoli ta ƙi karɓar takardun da aka bugo daga intanet saboda ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba. Gyaran da aka yi wa dokar a 2023 ya ƙara faɗaɗa ta ga bayanan lantarki da sa hannu na dijital.

Wasu lauyoyi suna ganin takardar nan ɓata lokaci ce. Wanda ya karanta labarin Horizon ba zai yi saurin cewa haka ba: abin da Ingila ta yar, Najeriya ta riƙe. Matsalar dai ita ce takardar kan zama al'ada kawai, a ba wanda bai san komai game da na'urar ba ya sa hannu. Kuma karɓar hujja daban, nauyinta daban. Hoton allo abu ne da yaro zai iya haɗawa cikin minti biyar, don haka wanda yake da shari'a ya adana wayar kanta, kada ya goge hirar, kada ya sayar da wayar.

Kulle saƙonni bai kashe aikin masu bincike ba?

Ya sauya masa hanya. Tun Afrilun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke daga mai turawa zuwa mai karɓa, kamfanin kansa ba ya iya karantawa. A shekarar ce FBI ta kai Apple kotu tana neman a buɗe mata iPhone ɗin wani da ya kai hari a garin San Bernardino na Amurka. Apple ya ƙi, daga baya hukumar ta biya wasu suka buɗe mata, aka janye ƙarar ba tare da an warware tambayar ba.

Da ƙofa ta ƙi buɗuwa, sai hukumomi suka koma haurawa ta katanga. A 2020 jami'an Faransa da Holland suka kutsa cikin EncroChat, wata hanyar sadarwa da masu safarar ƙwaya suka yarda da ita, suka karanta miliyoyin saƙonni, aka kama fiye da mutum 6,000. A 2021 kuma ta bayyana cewa manhajar ANOM, wadda miyagu ke saye da tsada, FBI ce ke tafiyar da ita tun farko tare da 'yan sandan Ostareliya. Lauyoyin waɗanda aka kama ta EncroChat suna tambaya: Faransa ta ce yadda aka yi kutsen sirrin tsaron ƙasa ne, to ta yaya za mu ƙalubalanci hujjar da ba a gaya mana yadda aka same ta ba? Maganar ta kai har Kotun Tarayyar Turai a 2024, kuma tana cikin batutuwan da aka fi rubutu a kansu.

Kayan buɗe wayar ma ba su tsira ba. A 2021 wanda ya kafa manhajar aika saƙo ta Signal, Moxie Marlinspike, ya nuna cewa fayil ɗin da aka shirya da gangan a cikin waya zai iya lalata rahoton na'urar Cellebrite da ke karanta ta.

Idan bayanan suna wata ƙasa fa?

Nan ne doka ta fi rarrafe. Hanyar gargajiya ita ce gwamnati ta rubuta wa gwamnati, abin da kan ci watanni, kafin nan bayanan sun ɓace. Rigimar Microsoft da gwamnatin Amurka kan wasu saƙonnin imel da ke ajiye a Dublin ita ta haifar da dokar CLOUD a 2018, wadda ta ce kamfanin Amurka zai miƙa bayanan da ke hannunsa ko a ina ya ajiye su.

Yarjejeniyoyi uku na ƙasa da ƙasa kan laifukan intanet ne ɗalibi zai sani. Ta Budapest ta 2001 ita ce tsohuwa. Ghana tana ciki, Najeriya ta shiga a 2022, shekarar da aka ƙara mata sabon babi kan neman hujja kai tsaye daga kamfanoni. Ta Malabo ta Tarayyar Afirka an amince da ita a 2014, amma sai Yunin 2023 ta fara aiki bayan ƙasa ta 15 ta tabbatar da ita. Nijar da Ghana suna cikin waɗanda suka tabbatar. Sai ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda Rasha ta fara kawo shawararta, aka amince da ita ranar 24 ga Disambar 2024, aka buɗe sa hannu a Hanoi a Oktoban 2025. Masu kare haƙƙin ɗan Adam suna ɗar-ɗar da wannan ta ukun, domin tana ba da damar musayar hujja kan duk wani babban laifi, kuma a wasu ƙasashe sukar shugaba babban laifi ne.

Me ƙirƙirarriyar basira ta sauya?

Abu biyu, kuma na biyun ya fi muni. Na farko, bogi ya yi arha. A 2024 wani ma'aikacin kamfanin Arup a Hong Kong ya tura kusan dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da ya ga shugabanninsa a ciki, ashe duk fuskoki da muryoyin ƙirƙira ne. Na biyu, mai laifi na gaskiya ya samu mafaka: a kama shi a bidiyo, ya ce haɗawa aka yi. Malaman shari'a biyu na Amurka, Robert Chesney da Danielle Citron, sun kira wannan ribar maƙaryaci.

Hanyoyi biyu masu bincike ke bi. Akwai masu gina manhajar gano bogi, sai dai tsere ne da ba ya ƙarewa, kuma manhajar da ta yi ƙoƙari a ɗakin gwaji takan ruɗe idan bidiyo ya bi ta WhatsApp sau da yawa ya dusashe. Akwai kuma masu cewa a sa wa hoto hatimi tun daga kyamara, kamar tsarin C2PA da Adobe da Microsoft da BBC da wasu suka kafa a 2021. Ga mai jin Hausa akwai ƙarin damuwa: yawancin muryoyin da aka horar da manhajojin gano bogi da su na Turanci ne, alhali mu saƙon murya shi ne wasiƙarmu.

Lauyoyi ma sun faɗa. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun kawo hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙirƙira musu.

Gaskiya ne ba a iya bin sawun kuɗin kirifto?

Ba gaskiya ba ne ga Bitcoin, domin littafin cinikinsa a buɗe yake ga kowa. Da kamfanin bututun mai na Amurka, Colonial Pipeline, ya biya masu kutse fansar Bitcoin 75 a 2021, hukumomin Amurka sun ƙwato 63.7 cikin wata guda. Wahalar tana wajen haɗa asusu da mutum, da kuɗi irin Monero da aka gina don ɓuya, da manhajojin da ke cakuɗa kuɗin mutane don sawu ya ɓata.

Waɗannan dokoki jama'a suke karewa ko masu mulki?

Duka biyun, gwargwadon sashen da aka ɗauko. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta tanadi hukuncin kutse da damfara da satar shaidar mutum, amma sashe na 24 ne ya yi suna, wanda ya haramta tura saƙon da zai ɓata rai ko ya ci mutunci. Da shi aka riƙa kama 'yan jarida da masu rubutu a Facebook. A 2020 Kotun ECOWAS ta ce sashen ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. Gyaran Fabrairun 2024 ya taƙaita shi ga batsa da ƙaryar da aka yaɗa da gangan don tada zaune tsaye ko barazana ga rai, amma tsugune ba ta ƙare ba, don ƙungiyoyin 'yan jarida na ci gaba da kawo rahoton kame. A Nijar, dokar 2019 ta tanadi ɗauri kan ɓata suna ta intanet, aka cire ɗaurin a 2022, gwamnatin soja ta dawo da shi a Yunin 2024.

A ɗaya gefen akwai dokokin kare bayanan mutum, kamar ta Najeriya ta 2023, waɗanda ke ja wa masu tara bayanai burki. Yadda za a daidaita su da wajibcin da aka ɗora wa kamfanonin sadarwa na ajiye bayanan masu amfani har shekara biyu, fili ne babba na bincike.

Bidiyon da mutane ke yaɗawa yana iya kai wani kotu?

Ya riga ya kai. A 2017 Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta ba da sammacin kama Mahmoud al-Werfalli na Libiya, tana dogaro sosai da bidiyoyin kisa da aka ɗora a Facebook. Kusa da gida, a Kamaru, a 2018 wani bidiyo ya yaɗu na sojoji suna harbe mata biyu da yara biyu. Gwamnatin Kamaru ta fara cewa ƙarya ne. Masu binciken BBC Africa Eye da abokan aikinsu suka daidaita duwatsun da ke bidiyon da hotunan tauraron ɗan Adam, suka gano wurin kusa da Zelevet a yankin Arewa Mai Nisa, suka auna inuwar sojojin suka ce a 2015 aka yi. A 2020 kotun soja a Yaoundé ta ɗaure huɗu daga cikinsu shekara goma-goma. A 2020 ɗin ne kuma ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya da Jami'ar Berkeley suka fitar da ƙa'idojin yin irin wannan bincike yadda kotu za ta karɓa.

Ni ɗalibi ne a Kano ko Maradi. Wane batu zan ɗauka?

Kada ka ɗauki "tasirin laifukan intanet ga tattalin arziki". An rubuta shi har ya gaji. Dubi abin da ke hannunka wanda mai bincike a Turai ba shi da shi.

Wayoyin da suka cika kasuwanninmu Tecno ne da itel da Infinix, da ƙananan wayoyi masu maɓalli, alhali yawancin rubuce-rubucen masana a kan iPhone da Samsung suke. Gwada abin da ake iya cirowa daga waɗannan, da abin da kayan aikin ke tsallakewa, aiki ne na gaske, kuma manhajar binciken ƙwaƙwaf ta Autopsy kyauta ake sauke ta. Sai maganar mai waya: a Najeriya tun Disambar 2020 aka ce a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, amma a gidajenmu waya ɗaya mutum nawa ke taɓa ta? Nawa ne aka yi wa rajistar layi da sunan yaya ko kawu, nawa suka sayi wayar hannu a kasuwar Farm Centre ta Kano da ragowar bayanan mai ita na farko? Yadda kotuna ke tsallakawa daga "wannan layin ne" zuwa "wannan mutumin ne" ya cancanci a bi hukunce-hukunce ɗaya bayan ɗaya a gani.

Akwai kuma harshe. Hirar da aka ciro daga waya da Hausa take, ba ƙugiya a haruffa, cike da taƙaitawa da zaurance da habaici, wata ma da ajami, sannan a fassara ta zuwa Turanci ko Faransanci kafin alƙali ya gani. "Zan yi maganinka" barazana ce ko wasa tsakanin taubasai? Wa ya fassara, wa ya duba fassarar? Mai karatun lauya zai iya tattara shari'un da hukunci ya rataya a kan irin wannan fassara. Mai karatun kwamfuta kuma ya naɗi muryoyin masu magana da karin Kano da Sakkwato da Damagaram da izininsu, ya haɗa na bogi a gefe, ya tura duka ta WhatsApp, sannan ya gwada ko manhajojin gano bogi za su iya rarrabewa.